Salsalar allolin Girka ta ƙi haɗuwa: wa ya haifi wa?

Ɗalibar_Adabi

Assalamu alaikum, malamai. Ina son zana salsalar 'ya'yan allolin Girkawan dā a takarda ɗaya, musamman na Ziyus, sarkin alloli, saboda darasin adabin duniya, amma lissafin ya ƙi fita. Afrodita, wani littafi ya ce 'yar Ziyus ce, wani ya ce daga kumfar teku ta fito tun ba a haifi Ziyus ba. Helen ta yaƙin Taroya, nan a ce Leda ce ta haife ta, can a ce Nemesis. Sarfedon kuma ga shi ɗan'uwan sarki Minos na Kirit, ga shi kuma yana yaƙi a Taroya, alhali jikan Minos yana cikin filin dagar.

Wace riwaya ce sahihiya? 'Ya'ya nawa Ziyus ya haifa gaba ɗaya? Sannan me ya sa Diyonisos ya zama abin bauta amma Farsiyus ya tsaya a mutum, bayan uba ɗaya ne kuma iyayensu mata duk 'yan Adam ne?

Mai_Salsala

Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara cire rai da samun riwaya sahihiya, don babu ita. Almara ce ta mutanen da ba su da littafi guda da ake komawa gare shi a yanke hukunci. Kowane gari da nasa labarin, kowane mawaƙi da abin da ya ɗauka ya gyara. Herodotus, a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, cewa ya yi Homa da Hesiyod ne suka tsara wa Girkawa nasabar allolinsu, to su biyun ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Saboda haka kowane marubuci ki ba shi takardarsa. Idan dole sai takarda ɗaya, a sa wa kowane marubuci launin tawadarsa.

Ki aza harsashi da waƙar Hesiyod ta asalin alloli, wadda aka yi wajen shekara ta 700 kafin Miladiyya. Daga baiti na 886 zuwa na 923 ya jero matan Ziyus bakwai bi da bi. Ta farko Metis, allahiyar dabara. An yi duba cewa za ta haifi mace, bayanta ta haifi namijin da zai zama sarkin alloli da mutane, sai Ziyus ya haɗiye ta da cikin, daga baya Atena ta fito ta kansa. Ta biyu Temis, ta haifi shida: uku masu riƙe da tsari da adalci da zaman lafiya, uku kuma masu rabon ƙaddara, wato Kiloto da Lakesis da Atirofos. Yurinomi ta haifi allahiyoyin kyau uku. Demeta ta haifi Farsefoni. Nemosini ya kwana tara da ita, ta haifi allahiyoyin waƙa tara. Leto ta haifi Afolo da Artemis. Sai ta bakwai, Hera, da Hebe da Ares da Ilitiya, ungozomar alloli. Ki lura da wannan: Hera da ake ɗauka uwargida ce, a lissafin Hesiyod ita ce ta shigo ƙarshe. Idan kin haɗa waɗannan za ki sami 25 har da Atena. Bayan su ya ƙara Harmis ɗan Maya, Diyonisos ɗan Semele da Herakilis ɗan Alkimena, ya zama 28.

Wannan 28 na waƙa ɗaya ne kawai. Duk wanda ya ba ki jimillar 'ya'yan Ziyus ba tare da ya faɗi littafin da ya ƙirga ba, riwayoyi ya cakuɗa.

Yanzu wuraren da layi ke tsinkewa. Afrodita: a wajen Hesiyod, Kuronos, uban Ziyus, ya yanke gaban ubansa Uranos ya jefa a teku, kumfa ta taru, ta fito daga ciki, ta bi ta tsibirin Kitera ta sauka a Kuburus. A nan ta girmi Ziyus, kusan matsayin gwaggonsa take. A kashi na 5 na Iliyad, waƙar Homa ta yaƙin Taroya, kuwa, 'yar Ziyus ce da Diyoni, har ta ruga wurin uwar tana kuka da aka yanke ta a hannu a fagen fama. Girkawa sun san da wannan saɓani. A littafin Aflatun na walima wani mai magana ya warware shi da cewa ai Afrodita biyu ce, babba marar uwa da ƙarama 'yar Ziyus.

Hefaistos, maƙerin alloli, shi ma haka. Homa ya mai da shi ɗan Ziyus da Hera. Hesiyod ya ce Hera ce ta haife shi ita kaɗai, don haushin mijinta, kuma ya ambaci haihuwar tasa bayan ta Atena. Amma mawaƙi Findar, da masu zane a jikin tuluna, sun nuna Hefaistos ne ya sara kan Ziyus da gatari Atena ta fito. Idan kin haɗa biyun a takarda ɗaya, ƙane ya karɓi haihuwar yayarsa ke nan. Matarsa ma ta rabu uku: Afrodita a Odise, ɗaya waƙar Homa, Karis a Iliyad, Agalaya a wajen Hesiyod. Labarin ragar da ya ɗana ya kama Afrodita da Ares a gadonsa, ya tara alloli yana neman Ziyus ya mayar masa da dukiyar auren da ya biya, a kashi na 8 na Odise yake, kuma ba ya tsayawa sai a riwayar da Afrodita ce matarsa kuma 'yar Ziyus.

'Ya'yan Ares da Afrodita a wajen Hesiyod uku ne: Fobos, Daimos da Harmoniya. Kada ki sa Eros a cikinsu a wannan takarda. A can yana cikin halittun farko, ba uwa ba uba. Mawaƙan baya ne suka mai da shi ɗan Afrodita.

Gwaggon_Tarihi

Malam ya gama da alloli zalla, bari in ɗauki na 'yan Adam, don nan ne tambayarki ta uku take.

Ƙa'idar ita ce: idan ɗaya daga cikin iyaye mutum ne, ɗan mai mutuwa ne. Zai fi sauran mutane ƙarfi ko kyau ko sarauta, amma kabari na jiransa. Don haka Farsiyus ba abin mamaki ba ne, Diyonisos ne ya fita daban, kuma labarin ya tanadi dalili. Hera ta zuga Semele ta nemi Ziyus ya zo mata a ainihin siffarsa, ya zo da aradu, ta ƙone. Cikin wata shida ne, in ji littafin da ake jingina wa Afolodorus. Ziyus ya ɗauke ɗan ya ɗinke a cinyarsa har watanni suka cika. Haihuwa ta biyu daga jikin uban ta fito, ba daga mace mai mutuwa ba. Herakilis kuwa sai da ya ƙone a kan tulin itace a dutsen Oita kafin a ɗauke shi sama a aura masa Hebe. Ko shi ma Iliyad ba ta san da wannan ba: a kashi na 18 Akilis, gwarzon Girkawa a yaƙin Taroya, yana cewa Herakilis ma bai tsere wa mutuwa ba. Odise ce ta raba gardama da cewa inuwarsa na lahira, shi kansa yana walima da alloli.

In kina son ganin ƙarfin ƙa'idar, duba kashi na 16 na Iliyad. Ziyus ya so ya tsame ɗansa Sarfedon daga hannun Fatirokulos, aminin Akilis, Hera ta ce in ya yi, kowane abin bauta zai zo ya ɗauke nasa ɗan daga filin. Ya haƙura, ya zubo yayyafin jini, aka kashe yaron.

Abu na biyu da zai rikita miki zane shi ne dare ɗaya, maza biyu. Sau uku wannan salo ya fito a manyan labarai. Alkimena: Ziyus ya zo mata da kamannin mijinta Amfitiriyon yana wurin yaƙi, ya ninka tsawon daren sau uku, mijin ya dawo bayansa. Ta haifi tagwaye, Herakilis na Ziyus, Ifikilis na miji. Aitira uwar Tesiyus: sarki Aigiyus na Atina da Fosaidon allan teku a dare guda, shi ya sa Tesiyus ke da uba biyu, na gadon sarauta da na alfahari. Sai Leda matar Tindariyos sarkin Isfarta, wadda ya zo wa a siffar farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya. Rabon da aka fi sani, na Afolodorus, shi ne Helen da Folidukis na Ziyus, Kasto da Kilitamnestira na miji. Amma Odise ta ce mazan biyu duk na Tindariyos ne, wata tsohuwar waƙar yabo ta ce duk na Ziyus ne, Findar ya raba su ɗaya-ɗaya, kuma a kan wannan rabon aka gina labarin Folidukis ya raba rashin mutuwarsa da ɗan'uwansa, yau suna ƙasa gobe suna sama. A zane, ja layi biyu zuwa kan yaron, na miji cikakke, na abin bauta ɗigo-ɗigo.

Nemesis da kika gani ta fito ne daga wata tsohuwar waƙa mai suna Kifiriya, wadda guntattakinta kawai suka rage. A riwayar da Afolodorus ya kawo, Nemesis ta rikiɗa dinya tana gudun Ziyus, ya cim mata, ta yi ƙwai, makiyayi ya tsinta ya kai wa Leda, ita ta raini Helen. Wato ɗaya mahaifiya, ɗaya mai riƙo. Fausaniyas, matafiyin ƙarni na 2 Miladiyya, ya rubuta cewa a wani ɗakin bauta a Isfarta akwai ƙwai rataye a rufi da ƙyallaye, mutanen gari na cewa na Leda ne.

Kada kuma ki rubuta "soyayya" a saman takardar nan ba tare da tunani ba. Yurofa sace ta aka yi a bayan bijimi, Alkimena yaudararta aka yi, Danaye tana kulle a ɗakin tagulla ya shigo mata a yayyafin zinariya, Tairo kuwa kogin Enifiyus take so, Fosaidon ya ari kamanninsa. Kaɗan ne daga cikinsu aka tambaya, kuma su ke ɗaukar fushin Hera ko na iyayensu.

Idan mace ce abin bautar, namijin ke shan wuya. Kalifso ta yi wannan ƙorafi a kashi na 5 na Odise: alloli maza ba sa ƙaunar su ga allahiya da ɗan Adam a fili. Ta kawo misalin Yasiyon, wanda Demeta ta sadu da shi a gonar da aka yi wa huɗa uku, Ziyus ya kashe shi da aradu. Ɗansu shi ne Fulutos, allan arziki. Eyos, allahiyar alfijir, ta roƙa wa Titonos rashin mutuwa ta manta ba ta roƙa masa rashin tsufa ba, ya tsufa har ta rufe shi a ɗaki yana sambatu. Ɗansu Memnon sarkin Habashawa, Akilis ya kashe shi. Afrodita ta haifa wa Ankisis Ainiyas, ta gargaɗe shi kada ya kuskura ya faɗi sunan uwar. Tetis kuma da gangan aka aura mata mutum, Feliyus, don an yi duba ɗanta zai fi ubansa, Ziyus da Fosaidon duk suka janye. Tsoron da ya sa aka haɗiye Metis shi ya sa Akilis ya zama mai mutuwa.

Ɗalibar_Adabi

Na gode, Gwaggo, Allah Ya ƙara ilimi. To batun Sarfedon fa? Kuma ga wani: Alkimena ta fito min a zuriyar Farsiyus, wato Ziyus ya shiga layin Herakilis sau biyu ke nan?

Baba_Na_Laburare

Ba sau biyu ba, 'yata, sau uku. Ki jawo layin daga sama. Iyo ta Argos, wadda aka mayar karsana, Hera ta sa bobuwa ta kore ta har Masar, ta haifa wa Ziyus Efafos. Efafos ya haifi Libiya, Libiya ta haifa wa Fosaidon Belos da Agino. Belos ya haifi Danawos da Aigiftos, Danawos 'ya'ya mata 50, Aigiftos maza 50. Aka haɗa su aure, amare 49 suka kashe angwayensu a daren farko, Hifamnestira kaɗai ta bar Linkiyus da rai. Daga su sai Abas, sai Akirisiyos, sai Danaye, nan Ziyus ya sake shigowa aka sami Farsiyus. Farsiyus ya haifi Elektiriyon, shi ya haifi Alkimena, Ziyus ya shigo na uku. Alkimena tattaɓa-kunnensa ce. In kin ƙirga daga Iyo kanta zuwa Herakilis za ki sami 13, wanda ya yi daidai da abin da Foromitiyus, wanda Ziyus ya sa aka ɗaure a dutse, ya gaya wa Iyo a wasan kwaikwayon da ake jingina wa Aiskilos, cewa mai kwance shi zai fito a tsatsonta na goma sha uku.

Wannan nasaba ce ta sa makircin Hera ya ci, a kashi na 19 na Iliyad. Ranar da Alkimena za ta haihu, Ziyus ya yi cika baki cewa yaron jininsa da za a haifa yau zai mulki makwabtansa. Hera ta sa ya rantse. Ta tafi Argos ta gaggauta haihuwar matar Istenelos ɗan Farsiyus, aka haifi Yuristiyus bakwaini, ta kuma tsayar da naƙudar Alkimena. Yuristiyus jinin Ziyus ne ta wajen kakansa, rantsuwa ta hau kansa, Herakilis ya ƙare yana yi masa bauta. Wanda bai zana reshen Istenelos ba ba zai gane dalilin ayyuka 12 da Herakilis ya yi wa Yuristiyus ba.

Sarfedon riwaya biyu ce aka ɗinke. A Iliyad uwarsa Lawodamiya ce 'yar Belerofon, kuma da Ziyus ke lissafa wa Hera matan da ya nema, a kashi na 14, Minos da Radamantis kaɗai ya ambata a 'ya'yan Yurofa. Wata riwayar ce ta sa shi na uku a ɗakin Yurofa. Da masu tattarawa suka ga tazarar, sai Afolodorus ya ce Ziyus ya ba shi tsawon rai na zamani uku. Wannan faci ne, kuma shi ne abin da za ki yi hattara da shi a littafin. Yana da amfani ƙwarai don ya bi gida-gida, amma an rubuta shi a ƙarni na 1 ko na 2 Miladiyya, shekaru ɗaruruwa bayan Homa, kuma yakan sulhunta abin da asali ba a haɗe yake ba. Obid ya fi shi nisa: Barume ne, ya gama littafinsa na rikiɗa wajen shekara ta 8 Miladiyya, burinsa daɗin labari.

Dalilin yawan 'ya'yan kuma ba sha'awar Ziyus kaɗai ba ce, buƙatar masu rai ce. Kowane gari na son kakansa ya fito daga sama: Arkas ɗan Kalisto ga mutanen Arkadiya, Lakedaimon ɗan Taigete ga Isfarta, Dardanos ɗan Elektira ga Taroya, Ayakos ɗan Aigina ga tsibirin Aigina. Gari ya ƙaru, mace ta ƙaru a lissafin Ziyus. Har kabilun Girka aka ɗaure da igiya ɗaya, Doros da Ayolos da Kusutos 'ya'yan Hellen, aikin da labarin Bayajidda da Bawo ya yi wa Hausa Bakwai. Mutanen Atina ba su so kakansu Iyon ya tsaya ɗan baƙo Kusutos ba, sai ga Yurifidis ya fito da wasan da ya mai da shi ɗan Afolo.

Sarakuna sun ci moriyar abin sosai. Herodotus ya jero kakanni 20 a saman Liyonidas na Isfarta, wanda ya mutu a Tamofilai a 480 kafin Miladiyya, na ashirin ɗin Herakilis ne. Gidan sarautar Makedoniya ma daga Herakilis suka ce sun fito, ta Argos. Iskandar mai girma ya haɗa biyu, Herakilis ta wajen uba, Akilis ta wajen uwa, bai ƙoshi ba sai da ya ratsa hamada zuwa wurin duba na Siwa a Masar a 331 kafin Miladiyya, yana neman a tabbatar masa shi ɗan Ziyus ne. Yuliyus Kaisar ya jingina gidansu ga Ainiyas, ya keɓe wa Benus, wato Afroditar Rumawa, ɗakin bauta a matsayin uwar zuriya a 46 kafin Miladiyya. Ba kowa ya haɗiyi wannan ba ko a lokacin. Zenofanis ya zargi Homa da Hesiyod da jingina wa alloli sata da zina da yaudara. Hekatayos na Miletos kuwa ya je Tibis ta Masar yana cewa kakansa na 16 abin bauta ne, limaman wurin suka nuna masa gumakan magabatansu 345, ɗa bayan uba, ba abin bauta ko ɗaya a ciki.

Mai_Salsala

Baba ya kawo abin da ya rage. Ƙari ɗaya kafin ki sa tawada, Malama: sunaye masu maimaituwa sun fi saɓanin riwaya ɓata zane. Niyobe biyu ce. 'Yar Foroniyus ita ce macen 'yan Adam ta farko da aka ce Ziyus ya nema, uwar sarki Argos. 'Yar Tantalos ita ce wadda Afolo da Artemis suka kashe wa 'ya'ya. Elektira uwar Dardanos 'yar Atlas ce, ba 'yar Agamemnon ba. Taliya akwai a cikin allahiyoyin waƙa, akwai a cikin na kyau, uwa daban-daban. Hellen kakan Girkawa namiji ne, ba ruwansa da Helen ta Taroya. Fuluto uwar Tantalos daban, Fulutos ɗan Demeta daban, Fuluton mai lahira daban. Maganin shi ne kowace mace ki rubuta ta da sunan ubanta da garinsu.

Atena da Artemis da Hestiya kada ki ja musu layin haihuwa ko ɗaya. Eriktoniyos da za ki gani a ƙarƙashin Atena a wasu zane-zane ɗan riƙo ne: Hefaistos ne uban, Gaya, wato ƙasa, ita ta haife shi. Zagiriyus ɗan Ziyus da Farsefoni, wanda ake ɗauka Diyonisos na farko, kuma na riwayar mabiya Orfiyus ne, ki ware masa gefe guda, don in ya shiga takardar Hesiyod za ki tashi da Diyonisos biyu.